Siddabarun fim: aikin yana lalacewa tun a wajen ɗauka

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Madalla. Waɗanda suka taso daga Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago zuwa nan Agege, sannunku da gosulo. Abu huɗu za mu taɓa yau: ɗauka a gaban koren kyalle, bin motsin kyamara, haɗa hoto, sai renda, wato kwamfuta ta lissafa ta fitar da hoton ƙarshe.

Na farko, koren kyalle, wanda ake ɗaukar ɗan wasa a gabansa, daga baya kwamfuta ta cire koren a sa wani hoton a madadinsa. Me ya sa kore? Ya yi nesa da launin fatar mutum. Sannan a idon kyamarar zamani, cikin kowane ɗigo huɗu masu kama haske, biyu kore suke gani, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, shi ya sa koren ya fi fita tas. In rigar jarumi koriya ce, a koma shuɗin kyalle, kada a zo ana tambayar edita ina gangar jikin jarumi ta shiga. (Dariya.)

Yadin kuwa, ku shiga kasuwar Balogun ku nemi marar sheƙi, a goge shi, a ja shi tam a ɗaure. Duk inda ya yamutse inuwa ce, inuwa kuma wani koren ne daban, alhali kwamfuta kore ɗaya ka ce ta cire. Kyalle da fitilunsa biyu, hagu da dama, kowace a karkace kamar digiri 45, haske ya bazu bai ɗaya. Ɗan wasa da nasa fitilun daban. Kuma a janye shi daga kyallen, mita biyu zuwa uku. Mita biyu zuwa uku, jama'a, ku rubuta. In ya manne, koren zai dawo ya zauna masa a kunne da kafaɗa, kana cire kyalle kana cire kunne.

A nan mu muke da tamu matsalar. Shadda mai sheƙi madubi ce, farar babbar riga tana kwasar kore, ga zafin Legas, goshi na gumi yana ƙyalli. A ajiye hoda da fanka kusa. Mayafi shara-shara kuwa, Hajiya kina dariya, kin san zancen, ana hango kore ta cikinsa. A sa mai kauri, ko a yarda edita zai kwana yana bin gefensa da hannu, firem bayan firem, wato hoto ɗaya-ɗaya na cikin bidiyon.

To, amma ga abin da na fi so ku tafi da shi. Kafin a kunna fitila ko ɗaya, a san hoton da za a sa a baya. Darakta ya ce jarumi zai tsaya a gadar Third Mainland da yamma, rana ta yi ƙasa ta hannun dama, haske ja-ja. Sai a ɗauke shi a ɗaki da farar fitila daga sama. Wallahi ko wa ka ba aikin nan ba zai zauna ba. Mai kallo bai san sunan laifin ba, amma zai ce an liƙa. Ta ina haske ya fito, mai kaifi ne ko mai laushi, wane launi ne? Rana tsaka inuwarta gajera ce mai kaifi, ranar hazo inuwa kusan babu. Manyan kamfanoni suna ɗaga ƙwallo biyu a gaban kyamara, ɗaya ruwan toka, ɗaya mai sheƙin madubi, don su ga ƙarfin haske da inda ya fito. In babu su, ka ɗauki hoton wurin ta kowace fuska da wayarka. Kuma ka ɗauki wurin fayau babu kowa, daƙiƙa goma, kyamara ba ta motsa ba. Ranar da za a goge igiya ko sandar makirufo daga cikin hoto, shi zai cece ka.

Af, na manta saitin kyamara. Firem 25 a daƙiƙa, shota, wato tsawon lokacin da kowane firem ke shan haske, ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100 na daƙiƙa, domin wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, in ka saɓa fitila za ta riƙa ƙiftawa. In da waya za ka ɗauka, ka sani yawancin wayoyi launi ɗaya suke ajiye wa ɗigo huɗu, shi ya sa gefen gashi ke fitowa da gartsi.

Na biyu, bin motsin kyamara. In kyamara za ta motsa, a manna alamomin tef a kyalle, a rubuta tsawon lens ɗin da aka yi aiki da shi. Manhajar Blender sai ta ga aƙalla alamomi 8 take lissafa motsin. Haɗa hoto kuma, a cire koren da Keylight a manhajar After Effects, ko Delta Keyer a manhajar DaVinci Resolve. Baƙin launin hoton gaba ya yi daidai da na hoton baya, a sa inuwa a ƙarƙashin ƙafa, a barbaɗa tsakin hoto iri ɗaya a kan duka. Lokaci na gudu. Ƙanena, na ga hannunka.

(Wani matashi ya ce kullum yana cikin renda ake ɗauke wuta, sai ya faro daga farko.)

Kai tsaye kake fitar da bidiyo, ko? To, daina. Mu yi lissafi. Daƙiƙa 10 firem 250 ke nan. In kowane firem yana cin minti 3, minti 750, awa goma sha biyu da rabi. Wa ya yi maka alkawarin wutar awa goma sha biyu? (Dariya.) Ka fitar da shi hoto-hoto, PNG ko EXR, kowane firem fayil ɗinsa. In wuta ta tafi a firem na 180, daga nan za ka ɗora. A Blender ka cire alamar da ke kan Overwrite, zai tsallake waɗanda ya gama. Bayan nan ka haɗa su bidiyo, minti kaɗan ne. A Cycles, injin renda na Blender, kada ka bar samfur, wato yawan lissafin hasken kowane ɗigo, a dubbai, gwada 128 ko 256 ka kunna mai share tsaki, ka fara fitar da firem ɗaya a rabin girma ka duba. In kuma Computer Village za ka je a Ikeja, kada sitikar jikin laftof ta ruɗe ka. Tambayi ƙwaƙwalwar katin hoto, gig 8 in da hali, RAM kada ya gaza gig 16, kuma ka sa a buɗe maka fankar a gabanka ka ga ƙurar da ke ciki kafin ka biya.