Kwana uku ina fama da injin leza a Kumasi, ashe lamba ɗaya ce

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙugin nan da kuke ji, fankar zuƙe hayaƙi ce, ba halin in kashe ta don inji na cikin aiki. Yau da haushi na kunna kyamarar nan, kuma haushin kaina nake ji ba na kowa ba. Kwana uku cur! Kwana uku ina zagin waya, ina zargin mai sayar da waya, har na fara tunanin ko baki aka yi wa shagon, ashe lamba ɗaya tal ce ta hana ni barci.

Bari in juya muku ku gan shi. Ga mutumin nan. Injin leza ne na yanka da zane, mai gas ɗin CO2, wat 100, daga Sin Alhaji mai shagon ya yi odarsa, ta tashar jirgin ruwa ta Tema ya shigo, aka ɗoro shi a mota har nan unguwar Aboabo. Wannan ɗan allon mai maɓallai shi ne fuskar ƙwaƙwalwarsa, Ruida ce, RDC6445. Shi inji yana nan ɗakin baya saboda wari, kwamfutar zane kuma tana can gaba inda kwastomomi ke zama. Wayar USB in ta wuce mita biyar sai ta fara gardama, mu kuwa tsakaninmu ya fi mita ashirin. To tun da na zo shagon nan aikinmu kenan: a zuba zane a filas, a ruga baya, a soka, a ga harafi ɗaya ya karkace, a zare, a dawo gaba. Kamar mai tallan kunu.

Ranar Alhamis ɗin can abin ya kai ni bango. Wata mata ta kawo odar maƙalan makulli ɗari biyu na akirilik, robar nan mai kama da gilashi, da sunan mahaifinta da ya rasu, za a raba ranar Asabar. Ku da ke gida ba za ku gane ba. Mu a Kano mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Asantawa kuwa, mutanen Kumasi, gawa sai ta yi makonni a asibiti ana shiri, a buga fosta, a ɗinka baƙi da ja, a yi abin rabo. Rabin cinikin shagon nan daga nan yake fitowa, ba ƙarya. Sau goma sha ɗaya na ƙirga ina kai da kawowa da filas a ranar, matar nan tana canza rubutu.

Da yamma Alhaji ya kira wani mai gyara ya haɗa inji da kwamfuta. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya ce sidi ɗari takwas, kuɗin Ghana. Na ce, “Alhaji, don Allah a bar mini. In na kasa a cire a albashina.” Ya dube ni ya ce, “Malam, ku Kanawa ba ku taɓa cewa ba ku iya ba.” Gaskiya ya faɗa.

Na hau torotoro, motar hayarsu, zuwa Adum a cikin gari, na yanko wayar Ethernet mita ashirin da biyar, har da matse mata kai biyu bai kai sidi ɗari ba. Irin wannan wayar mita ɗari take kaiwa ba ta gajiya, ku ji bambanci. Amma fa na yi kewar Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, can da na tsaya shagon farko yaro zai ruga ya kawo mini, a miƙo mini kujera, a yi ta zolaya. Nan sai da na yi ta Turanci da ɗan guntun Tuwi, yarensu, da na tsinta. A hanyar dawowa na ratsa kasuwar Kejetia na ɓace, karo na nawa ke nan ban sani ba.

Na dawo na soka kai ɗaya a gefen inji, ɗaya a bayan rauta, akwatin nan mai raba Wi-Fi. 'Yar fitila ta kama. Na buɗe LightBurn, manhajar tura wa inji zane, na zuba lambar inji ta IP, wato adireshinsa, shiru. Na koma RDWorks da ta zo tare da shi, shiru. Na sake matse kan waya, siraran wayoyi takwas ɗin nan ina jera su da farce kala bayan kala. Na kashe, na kunna. Kwana uku.

To ga abin da ya faru, ku matso. Kun ga wannan lambar a allo? 192.168.1.100. Da ita injin ya zo daga kamfani. Shi ba kamar wayar hannunka ba ne da za ta shiga Wi-Fi a ba ta lamba nan take. Abin da aka rubuta masa shi ya riƙe, sai ka canza da hannu. Ni ban taɓa tambayar kwamfutata tata lambar ba. Daren jiya na buɗe baƙin allon nan na ba kwamfuta umarni, na rubuta ipconfig don ta nuna lambarta, sai ga 192.168.0.103. Ku duba gida na uku. Nata sifili, nasa ɗaya. Rukuni ukun farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne lambar gida. Wato kwamfuta tana Aboabo tana ƙwala sallama, shi gogan yana Asawase yana jiran baƙo. Na danna maɓallin Menu a allon inji, na gangara wurin saita IP, na mai da ɗaya sifili. Na koma kwamfuta na rubuta ping da sabuwar lambar, don in ga ko inji zai amsa. Amsa ta fara zubowa layi bayan layi. Wallahi ihu na yi, ƙarfe sha ɗayan dare, har mai shayin ƙofar shago ya leƙo.

Abin ya tuna mini da adireshin zamani da aka fito da shi a ƙasar nan a 2017, GhanaPostGPS, kowane gida da lambarsa. Amma har gobe in ka tambayi shagonmu, cewa za a yi bayan masallaci, kusa da mai wake da shinkafa. Inji bai san bayan masallaci ba.

Da safiyar yau na shigo ina taƙama, zan nuna wa Alhaji, sai inji ya sake ɓacewa. Gumi ya karyo mini. Ashe rautarmu daga 100 take fara rabon lamba ga duk wanda ya shigo, yaron shagon ya riga ni zuwa, wayarsa ta karɓe 100 ɗin kafin a kunna inji. Gida ɗaya, masu gida biyu. Ya ce, “Masta, ba laifina ba ne, waya na shi ya shiga da kansa.” Hausar Zango kenan, ba ruwanta da mace ko namiji, mata ma “ya zo” ne. Da na zo dariya nake musu, yanzu ni ma bakina ya fara zamewa, ran nan a waya Hajiyarmu ta ce me ya samu harshena. Na dai mai da inji 192.168.0.50, can ƙasa inda rabon ba ya kaiwa, aka zauna lafiya.

Yanzu kwamfuta biyu ke ganinsa, ta gaba da laftof ɗina. Amma ni dai ba zan ƙara tura babban aiki ta Wi-Fi ba. Injin da UDP yake magana, wato irin aiken da ba a jiran a ce ya iso. In wani yanki ya faɗi a hanya, ba mai komawa ya tsinto. Ga bangon bulo biyu tsakaninmu, ga ƙofar ƙarfe. Na gwada da hoto mai nauyi, ya tsaya a rabi. Akwai abin da ake kira LightBurn Bridge, da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi ake haɗawa don maganin wannan, amma ni waya ta ishe ni. Kuma in kun yi ping ya amsa, manhaja ta ƙi gani, ku leƙa fayawol ɗin kwamfutar, mai gadi ne, wani lokaci shi ke tare ƙofa. Kada kuma mutum biyu su tura a lokaci guda, mun yi haka ɗazu, duka biyun ba wanda ya shiga.

Abin da na ja wa yaron nan kunne a kai har ya ji haushina: daga gaba turawa kawai za a yi, Send, fayil ya je ya zauna a cikin inji. Ba Start ba. Kunnawa sai mutum yana tsaye a nan, idonsa a kan gilashi. Akirilik da filawud wuta suke kamawa, ga shagunan nan manne da juna, bayanmu mai katifa ne. Na ce masa ran da na ga ya kunna daga kujera, ranar zai koma wurin babansa.

Alhaji kuwa da ya ga zane ya faɗo allo ba wanda ya motsa, sai ya yi shiru, can ya ce, “To sidi ɗari takwas ɗin fa?” Na ce ai ni ban ce a ba ni ba. Ya aika aka sayo mini tuwon zafi da naman zabo. Ga shi can a rufe tun ɗazu, ya fara hucewa. Ku dakata, inji ya yi ƙara, ya gama. Kai, zo ka kwashe waɗannan, kar ka ɓare musu takarda sai mai su ta zo.