Kinigi: Inda Tsofaffin Mafarauta Ke Gadin Daji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Kinigi, kusa da garin Musanze a arewacin Ruwanda. Sanyi ake yi sosai, shi ya sa kuka gan ni da rigar sanyi har biyu. Wancan dutsen da hazo ya lulluɓe a bayana yana cikin gandun dajin Volcanoes, mazaunin goggon birin tsauni.

Bari in juyo muku da kyamara. Kun ga wannan katangar duwatsun? Mutanen ƙauyukan nan ne suka gina ta da hannunsu, don ta tare ɓauna kada ta shiga gonakin dankalin turawa. Gona a nan, daji a can, taku kaɗan ne tsakaninsu.

Shiga ganin goggon biri dala 1,500 ne ga baƙon da ya zo daga nesa. Mutum takwas kacal ake bari su je wajen garke ɗaya a rana, awa ɗaya kuma a fito. Da farko kuɗin sun yi mini yawa, wallahi. Sai da na ji inda wani ɓangarensu ke tafiya hankalina ya kwanta. A 2005 aka fara ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin yawon buɗe ido don maƙwabtan gandun, a 2017 aka mayar da shi kashi 10. Da su ake gina ajujuwa, da ɗakunan shan magani, da tankunan ruwa. Kada ku raina tankin ruwa: a da mata da yara har cikin dajin suke shiga ɗebo ruwa.

Wannan dattijon da ya karɓi jakata ɗan dako ne. Sannu da aiki, Baba! Ta bakin tafinta ya gaya mini a da tarko yake ɗanawa don ya kama gada, wani lokaci ɗan goggon biri ya faɗa ciki. Yanzu idan ya ga tarko, shi ke fara sanar da masu gadi. Yunwa ce ta sa shi farauta, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan.

Don Allah idan kun zo, ku ɗauki ɗan dako ko da jakarku ba nauyi. Kuɗin kai tsaye gidansa za su shiga.

To, jagora na kira. Bari in sa takunkumin fuska a aljihu, sai mun hau.