Barka Da Zuwa, Allah Ya Ja Zamanin Sarki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Muna yi wa hakimai da dagatai da ƴan majalisar da suka rako Mai Martaba barka da zuwa, sannunku da hanya. Shugabanninmu na jami'a, malamai ƴan uwana, da ku ɗalibai da kuka cika ɗakin nan har wasu na tsaye a bakin taga, kowa sannu.

Ranka ya daɗe, ni ne ke koyar da kwas ɗin zaman lafiya da sasanta rikici, wanda aka daɗe ana ce wa GST 222 a jami'o'i da yawa, kwas ne da ake so kowane ɗalibi ya bi ta cikinsa ko da kuwa injiniya zai zama ko likita. Toh shi ya sa da aka ce mana za ka zo wallahi ban iya barci sosai ba, don abin da muke ta faman karantarwa a allo kai shi kake yi kullum a fada tun kafin a haifi yawancin yaran nan.

Fannin nan ba tsoho ba ne a jami'o'in ƙasar nan. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da shi, sannan a shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta buɗe Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici a Abuja, Jami'ar Jos ma ta kafa tata cibiyar. Kuma ba don sha'awa aka yi ba, wuya ce ta sa. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a cikin kwalejin ilimi ya fara, tsakanin ɗalibai irin waɗannan da ke zaune gabanka, kafin ya bazu har Kaduna da Zariya. Sai Zangon Kataf a 1992, sai Kaduna a 2000, sai Jos a watan Satumba 2001. Akwai yara a ajina da iyayensu suka bar unguwannin da aka haife su saboda waɗannan abubuwa, ba labari ba ne a wurinsu.

Kayan aikinmu kuwa ba zan ɓoye maka ba. Muna da littattafai kaɗan a laburare, yawanci daga Ingila da Amurka suke, muna da mujallun da ake samu a intanet in akwai wuta da data, sai handaut da ake ta fotokwafi har rubutun ya dishe. Kuma littattafan nan suna da amfani, ba na raina su. Daga wurin Johan Galtung, wani masani ɗan ƙasar Norway, muka ɗauko bambancin da ke tsakanin zaman lafiyar da kawai an daina faɗa ne, da wanda aka cire zaluncin da ya haddasa faɗan, kuma ɗalibai na kama wannan da sauri don sun ga garin da aka zuba sojoji aka yi shiru amma kowa na kwana da ido ɗaya. Muna kuma karantar da labarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, mutum biyu da suka yi gaba da juna, Fasto ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da ƴan uwa, amma a 1995 suka haɗu suka kafa cibiyar sulhu.

Amma bari in ba ka labarin abin da ya same ni a aji. Ina tsakiyar lakca ina zana matakan sasanci a allo, sai wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, Malam, in shanu suka shiga gona gero ya fara kai, wa ke kimanta ɓarnar, kuma me ya sa ake zuwa da ardo da sarkin noma tare? Na tsaya da alli a hannu. Babu wannan a littafina. Yaron nan jikan mai unguwa ne, shi ya tashi ya yi mana bayanin yadda ake zuwa gonar da safe kafin sawu ya ɓace, yadda ake ƙirga kunyoyin gonar, yadda ake bari mai gona ya gama huce haushinsa kafin a ambaci kuɗi, da dalilin da ya sa ake duba ko an cinye burtali ne da noma kafin a ɗora wa makiyayi laifi. Ɗakin ya yi tsit, ranar har waɗanda ke zuwa don sa hannu kawai sai da suka buɗe littafi suka rubuta.

Wannan ilimi a fada yake, ranka ya daɗe, yana bakin dagatai da masu unguwanni da limamai, kuma dattawan da suka riƙe shi suna ta tafiya. Rabon gado, iyakar gona, rikicin aure, rigimar kasuwa, har wasan barkwanci irin na Fulani da Barebari da ake kashe wuta da shi kafin ta kama. Allah ma ya ce sulhu alheri ne, kuma mutanenmu sun daɗe da gane hanyarsa.

Don haka roƙonmu guda biyu ne. Muna so Mai Martaba ya ba ɗalibanmu izini su riƙa zama a zaurukan hakimai da dagatai suna saurare, su rubuta furojet ɗinsu a kai ba tare da sun fallasa sunan kowa ba, wannan alkawari ne na ɗauka da bakina. Sannan a ba mu dattawa ko da biyu ne a kowane zango su zo su yi lakca da Hausa, mu ɗauki muryarsu mu ajiye a laburare kusa da littattafan Turawa.

Mun ware kanta guda don wannan, yanzu babu komai a kanta, in an tashi daga nan muna fatan Mai Martaba zai leƙa ya gani ya sa mana albarka. Barka da zuwa, Allah ya mai da kai gida lafiya.