Norris: Inda Ƙasa Ke Tafasa a Ƙarƙashin Ƙafa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Norris, wani fili mai maɓuɓɓugan ruwan zafi cikin gandun dajin Yellowstone da ke jihar Wyoming ta Amurka. Ku yi haƙuri da tururin da ke rufe kyamara. Da a ce waya na kai wari, da tuni kun toshe hanci, don ko'ina farar wuta ce ke tashi.

Bari in juyo da kyamarar ƙasa. Kun ga wannan hanyar katakon da nake takawa? Iyakarka ke nan. Farar ƙasar da ke gefe, a ido busasshiya ce, har ka ce sai ka shimfiɗa sallaya. To a wurare da dama ɓawo ne kawai, kamar ƙanzo a gindin tukunya, ƙarƙashinsa kuwa ruwa ne mai tafasa. Saboda tudun wurin, ruwa na tafasa a kusan digiri 93, kuma na Norris har da asid a ciki. Babu yadda ido zai bambance inda ke da kauri da inda zai rufta da kai.

A watan Yunin 2016 wani saurayi ɗan shekara 23 ya bar katakon a nan Norris tare da 'yar'uwarsa. Ya sunkuya zai taɓa ruwan wani tafki ya ji zafinsa, santsi ya kwashe shi. Masu ceto sun hango gawarsa, amma hadari da tsawa suka hana su ciro ta. Da suka dawo washegari, zafi da asid sun riga sun narkar da ita. Fiye da mutum 20 ruwan zafin gandun nan ya kashe, adadin da ya zarce na waɗanda dabbar beyar ta kashe, amma kowa beyar yake tsoro.

Hukuma kuma ba ta duba fuska. Pierce Brosnan, ɗan fim ɗin nan, ya sauka daga hanya a Mammoth, wani wurin ruwan zafi a gandun nan, ya ɗauki hoto, a 2024 kotu ta sa ya biya kimanin dala 1,500. Ni dai na ce an yi masa sauƙi. Launin ruwan goro da ɗorawa da kuke gani a bakin tafkunan, ƙananan halittu ne masu rayuwa cikin zafi, kuma sawun takalmi ɗaya kan daɗe bai goge a kansu ba.

Yawanci hoto ne ke janyo mutane su bar katakon, sai hular da iska ta fizge. Ga wata can kwance, mai ita ya yi hankali ya bar wa ma'aikata, suna da dogon maƙatar da suke ciro irinta.

Af, ga ɓauna can gaba kusa da katako. Doka ta ce a ba shi tazarar mita 23, kewaye shi ta ƙasa kuwa bai taso ba. Bari mu koma da baya mu jira ya gama kiwonsa.