Ciwon kunne bayan tiyatar ɗame fuska: wanne ne na haƙuri, wanne ne na kiran likita

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa, ina gaishe ku daga nan Turai. Yau a kan kunne za mu tsaya. Mutum ya yi tiyatar ɗame fuska, wadda Turawa ke ce wa facelift, yana zaton kumatu da haɓa ne za su dame shi, sai ya farka ya ji kunne ne ke zogi. Da yawa hankalinsu kan tashi, su ɗauka an yi kuskure. Galibi ba kuskure ba ne. Amma a cikin ciwon nan akwai guda ɗaya da ba a kwana da shi, kuma shi ya sa na kunna kyamara.

Bari in matso ku ga kunnena, in nuna muku inda wuƙa ke bi. Likita kan fara yanka daga nan, cikin gashin gefen goshi. Sai ya gangaro ta gaban kunne, ko dai a kan layin da ke tsakanin kunne da kumatu, ko ya ɓoye yankan a bayan wannan ɗan guringuntsin da ke tsare bakin ramin kunne. Daga nan ya zagaye fatar kunne ta ƙasa, inda ake huda 'yan kunne, ya hau ta lungun baya, ya ƙare a cikin gashin ƙeya. Kun ga an kusa zagaye kunnen kaf. Bayan haka a ɗaga fata, a ja shimfiɗar naman da ke ƙarƙashinta, wadda likitoci ke kira SMAS, a ɗinke ta sama da baya, a yanke rarar fata. Duk wannan jan, a gefen kunne yake ƙarewa. To yaya kunne ba zai yi ƙorafi ba?

Ciwon da aka saba gani yana da kamanni. Kunne biyu ne, ko da ɗaya ya ɗan fi. Nauyi ne da tsukewa, kamar an ɗaure kai da igiya ta bayan kunne. Yakan fara ne idan allurar kashe zafin da aka yi a wurin ta sake, 'yan awoyi bayan tiyata. Kumburi yana kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72, saboda haka kada ku yi mamaki idan rana ta 3 ta fi ta farko wuya. Daga nan kullum sai sauƙi. Kuma yana jin magani: an sha, ya lafa.

Yanzu ga wanda nake so ku riƙe da kyau. Gefe ɗaya ne. Yana ƙaruwa cikin awa ɗaya ko biyu, an sha magani bai ko gezau ba. Gefen ya kumbura ya fi ɗan uwansa, ya yi tauri, fatar tana ƙyalli ko ta koma shuɗi-shuɗi, wani lokaci har leɓe ko ido na wannan gefen ya kumbura, mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan jini ne ke taruwa a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga. Ita ce matsalar da ta fi kowace yawan faruwa a wannan tiyata, kuma mafi yawanta a cikin awa 24 na farko take zuwa. Haɗarinta shi ne, fatar da aka ɗaga dama jininta ya ragu, sai gudan jinin ya danne ta daga ciki ya toshe ɗan abin da ya rage. Idan aka bar shi, fatar ta mutu, ta yi baƙi, ta bar tabon da ba ya ɓoyuwa. Idan ya yi girma a wuya yana iya takura numfashi. Maganinsa shi ne likita ya warware ɗinki, ya kwashe jinin, ya tsayar da jijiyar da ke zuba, kuma a lokacin ake yi. Ƙarfe 2 na dare ne? A buga waya. Ba a samu likitan ba, a tafi sashen gaggawa. Wallahi babu likitan kirki da zai ji haushi don an tashe shi a kan wannan.

Maza sun fi shiga wannan haɗari, domin fatar gemu tana da jijiyoyin jini da yawa. Sai masu hawan jini, musamman idan lambar sama ta awon hawan jini ta haura 150. Sai duk abin da ke tura jini kai farat ɗaya: amai, tari mai ƙarfi, yunƙuri a bayan gida, sunkuyawa, ɗaukar kaya. Don haka idan tashin zuciya ya zo, a nemi maganinsa da wuri, kada a jira amai. Mai shan maganin hawan jini kuma ya ci gaba da sha yadda aka tsara masa.

Kafin in wuce, akwai wani ciwo mai tsanani na daren farko wanda dalilinsa ƙarami ne: kunne ya naɗe a ƙarƙashin bandeji. Ku gwada lanƙwasa kunnenku haka ku riƙe minti 10, za ku gane. Guringuntsi ba ya jure matsi. Ciwon yakan tsaya a wuri ɗaya, kamar ƙuna, a saman kunne. Amma kada ku yanke wa kanku hukunci cewa bandeji ne kawai, ku ma sassauta shi da hannunku. Daga waje ba a bambance shi da taruwar jini, sai an buɗe an duba. Haka robar da ake sa wa a bayan kunne don tsotse jini, wadda ake cirewa bayan kwana 1 ko 2, ita ma tana tsikari. Idan an koma kan madaurin roba mai zagaye haɓa da kai, a tabbata kunne a kwance yake ko yana cikin ramin da aka yi masa, kuma yatsa yana iya shiga ƙarƙashin madaurin.

Sai toshewar kunne. Mutum ya ji kamar ruwa ya shige masa, yana jin muryarsa a cikin kansa, maganar mutane kamar daga nesa. Jini ne da ruwan wanke fata suka gangara cikin ramin lokacin aiki suka bushe, ga kuma kumburin bakin ramin ya ƙara matse hanya. Likitoci kan toshe ramin da auduga kafin su fara, amma duk da haka wani yakan zurara. A nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Don Allah kada a sa tsinken auduga, kada a sa farce, kada a ɗiga mai ko wani ruwa da ba likita ya bayar ba. Tsinken yana tura busasshen jinin ciki ne zuwa dodon kunne, kuma idan an ɓoye ɗinki a bayan guringuntsin nan, to a bakin ramin yake, kuna iya fasa shi. A faɗa wa likita a zuwan farko, ya leƙa da fitilarsa ya share. Idan kuwa ramin ya fara ƙaiƙayi da fitar da ruwa, kuma jan kunne kaɗan yana sa mutum zabura, fatar ramin ta kamu ke nan, sai an rubuta maganin ɗigawa.

Mu zo kan jijiya, don a nan yawancin tambayoyinku suke. Akwai wata babbar jijiyar jin taɓi, ba ta jin sauti ba, da ke fitowa daga ƙashin wuya na 2 da na 3, ta hau ta kan wannan doguwar tsokar da ke fitowa idan an juya kai gefe. Ga ta nan. Tun 1980 wasu likitoci biyu, McKinney da Katrana, suka auna cewa tana ratsa tsokar ne kimanin santimita 6.5 ƙasa da ramin kunne. A daidai wurin fata ta manne sosai, jijiyar kuma tana kusa da sama, shi ya sa ita ce jijiyar da aka fi taɓawa a wannan tiyata. Ita ke kai ji ga fatar kunne ta ƙasa da bayan kunne da kusurwar muƙamuƙi. Ko ba a yanke ta ba, ja kaɗai ko zafin na'urar tsayar da jini ya isa ya sa ta yi shiru na wani lokaci.

Abin da mutum zai ji shi ne kunnen kamar ba nasa ba, kamar roba aka manna. Bayan 'yan makonni sai wani sabon abu ya ɓullo: tsira kamar allura, fizga kamar lantarki na daƙiƙa ɗaya, ƙaiƙayin da ake sosawa ba a kai gare shi. Mutane kan firgita a nan, alhali yawanci alama ce ta farfaɗowa. Jijiya tana tsirowa da kusan milimita 1 a rana, sai a yi ta haƙuri. Ji yana dawowa cikin makonni zuwa watanni, wani sai ya kai wata 6 ko shekara. Abin da ya kamata a kai wa likita shi ne idan an sami wani ɗan ƙulli a gefen wuya wanda da an taɓa shi sai zafi ya harba zuwa kunne. Wannan kan jijiya ne da ya dunƙule, ana yi masa allura ko ƙaramin aiki. Ciwon jijiya kuma farasitamol ba ya yi masa sosai, yana da nasa magani irin su gabapentin, wanda sai likita ya rubuta.

Fatar da ba ta ji tana da nata haɗarin da ba a cika faɗa ba: ba ta sanin ta ƙone. Kada a ɗora robar ruwan zafi. Na'urar busar da gashi a sa ta a iska mai sanyi, ƙarfen miƙar da gashi kuwa a ajiye shi tukuna. Ƙanƙara ma haka, ba a ɗora ta kai tsaye, kuma wasu likitocin sun hana ta baki ɗaya don tana rage jinin da fatar ke buƙata. Mu da ke ƙasashen sanyi, a rufe kunne da hula marar matsi idan za a fita da hunturu, domin sanyi zai cinye fatar kunne mutum bai sani ba.

Maganin zafi. Ga babba mai nauyin da ya haura kilo 50, farasitamol giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a awa 24, mai ciwon hanta kuma ƙasa da haka. A karanta kwalin maganin mai ƙarfi da aka bayar, don da yawansu akwai farasitamol a ciki, mutum ya haɗa biyu ya wuce ƙima bai sani ba. Asfirin da ibuprofen suna hana jini daskarewa, ba a shan su sai likitan da ya yi aikin ya yarda. Haka ƙwayoyin man kifi da bitamin E. Wanda kuwa likitan zuciya ya ɗora a kan asfirin, kada ya tsayar da kansa, likitocin biyu ne za su daidaita tun kafin ranar tiyata.

Kwanciya rigingine, kai a ɗage kamar digiri 30, na kimanin mako 2. A jera matasai tun daga kafaɗa, kada a tura su ƙarƙashin kai kaɗai haɓa ta sauko ƙirji, don lanƙwasa wuya yana matse fatar. Matashin tafiya mai siffar kofato yana hana juyawa kan kunne cikin barci. Riga mai maɓalli a gaba. Hannun tabarau kada ya hau ɗinki, a ɗora shi kan bandeji ko a sa auduga. Takunkumi mai rataya a kunne, da abin sauraro na cusawa, da 'yan kunne, duk a jinkirta, 'yan kunne sai bayan mako 4 zuwa 6. Waya a sa ta a lasifika. Idan ciwon yana tashi ne lokacin tauna ko hamma, gaɓar muƙamuƙi ce, ga ta nan daf da gaban kunne, sai a rage buɗe baki da tauna abu mai tauri na 'yan kwanaki. Ɗinkin gaban kunne ana cire shi tsakanin kwana 5 zuwa 7, na cikin gashi kwana 10 zuwa 14, kuma da yawa daga nan tsukewar ke raguwa.

Ciwon da ya lafa sannan ya dawo bayan kwana 5 ko mako guda, wannan a zargi ƙwayar cuta: ja yana yaɗuwa, wurin ya yi zafi, mugunya, wari, zazzaɓi na digiri 38 ko sama. Ku lura da wannan musamman: idan ganyen kunnen ya yi ja ya kumbura amma fatar ƙasa lafiya lau, guringuntsi ne ya kamu, don fatar ƙasa ba ta da guringuntsi. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa, magani ba ya isa gare shi da sauƙi, idan aka yi jinkiri siffar kunne ta lalace. A ranar ake zuwa asibiti. Haka idan fatar bayan kunne ta fara duhu ko ta yi bororo, domin nan ne jini ya fi ƙaranci. Masu shan taba su ji wannan: binciken da likita Rees da abokan aikinsa suka fitar a 1984 ya nuna mutuwar fata ta ninka kusan sau 12 a wurinsu. Ana so a bari aƙalla mako 4 kafin aiki da mako 4 bayansa, har da sigarin lantarki da cingam mai nikotin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu baƙar fata kai tsaye. Fatar kunne da bayan kunne suna cikin wuraren da tabo ya fi yin tudu ya zarce iyakar yankan, abin da ake kira kiloyid. Ba ya fitowa da wuri, sai bayan makonni ko watanni, kuma da ƙaiƙayi da zogi yake farawa kafin ido ya gan shi. Tun da bayan kunne ne, a riƙa ɗaukar hotonsa da waya sau ɗaya a mako ana kwatantawa. Wanda hudar kunne ko wani tsohon rauni ya taɓa yi masa tudu, ko ake yi a danginsu, ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar tiyata, don wani lokaci wannan kaɗai ya isa a sake shawara. Idan rauni ya rufe sarai ana fara shafa man silikon ko manna ledarsa na tsawon watanni, idan kuma tudun ya fara tashi, allurar triamcinolone a cikin tabon ta fi aiki tun yana ƙarami, duk bayan mako 4 zuwa 6.