Darasin tsirrai a gindin gawo

Masu kallonmu, barkanku da war haka. Itacen nan da kuke gani a tsakiyar gonar gero shi ne gawo, kuma da wuya a sami yaron da ya tashi a karkarar Maradi bai san shi ba. Sai dai idan aka tambaye shi dalilin da ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa suke kore shar, sannan ya yi sabon ganye da rani, yawanci shiru zai yi. Da irin wannan tambayar ya kamata malami ya buɗe darasi, domin yaro ya fi sa hankali ga abin da yake gani kullum amma bai taɓa neman dalilinsa ba.

Malamin da ya kai ɗalibansa gindin gawo zai nuna musu cewa saiwarsa tana nutsawa har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa rani ba ya hana shi ganye. Ganyen da ya zuba yana zama taki, dabbobin da suka huta a inuwarsa suna cin ƴaƴansa su bar kashinsu a wurin, kuma da yake babu ganye a kansa da damina, gero yana samun rana. Manoma sun daɗe da sanin cewa hatsin gindin gawo ya fi kyau, don haka yaron zai koma gida da abin da zai tattauna da mahaifinsa.

Shekarar karatu a Nijar tana faɗawa ne galibi cikin rani, damina kuwa yara suna hutu, saboda haka dole a nemi gwajin da ba ya jiran ruwan sama. A sa ƙwayar wake cikin kwalba tare da jiƙaƙƙiyar auduga, yara su riƙa zana ta kowace safiya, su ga cewa saiwa ce take fara fitowa kafin ganye. A ɗaura farar leda a reshen dogonyaro da hantsi, kafin la'asar za su tarar da ɗigon ruwa a cikinta, wato ruwan da itacen yake fitarwa ta ganyensa. Idan an dawo makaranta a watan Oktoba, lokacin cirar gyaɗa, a kawo tushe guda aji, su duba ƙananan ƙulli-ƙullin da ke jikin saiwar, inda wasu ƙwayoyin halitta suke kamo sinadarin naitirojin su ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Manyan ɗalibai kuma a ba su labarin sassaben zamani, wanda ya fara a yankin Maradi a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Manoma suka riƙa barin rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture suna sare sauran, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar. Kowane rukunin ɗalibai zai iya ɗaukar kututturen kalgo ko sabara guda a bayan makaranta, su gyara shi, su riƙa auna tsawonsa da igiya a ƙarshen kowane wata suna rubutawa a littafinsu.