Walat a kwamfuta: kalmar sirri kaɗai ta isa?

Sani: Jama'a barkanmu da warhaka. Tambaya ɗaya ce ta cika mana akwatin saƙo wannan makon: in an sa wa walat ɗin kirifto kalmar sirri a kwamfuta, an tsira ke nan?

Bilkisu: Ga Malam Auwal nan har ya fara girgiza kai.

Auwal: Dole in girgiza. Ɗauki Bitcoin Core, manhajar walat ɗin Bitcoin ta kwamfuta. Makullanka na sirri, waɗanda da su ake kashe kuɗin, suna cikin fayil ɗin wallet.dat. Ranar da ka kulle shi da kalmar sirri, duk kwafin da ka taɓa ajiyewa a falash kafin ranar yana nan tsirara, wanda ya tsince shi ya tsinci dami a kala. Kuma manhajar tana ƙirƙiro sabbin makullai bayan kullewar, tsohon kwafin bai san da su ba. Sai ka ɗauki sabon kwafi nan take.

Bilkisu: To a goge tsohon mana.

Auwal: A SSD, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta ta zamani, gogewa ba ta tabbatar da ya tafi. Kwashe kuɗin kawai zuwa sabon adireshin walat.

Sani: Ko a jefa shi bola, kamar mutumin nan na Wales da faifan kwamfutarsa ya tafi bola da makullan Bitcoin ɗinsa a ciki.

Bilkisu: Wayyo! Bitcoin wajen 8,000 a juji tun 2013.

Sani: Sama da shekara goma yana roƙon a bar shi ya tona shara, a 2025 kotu ta ce a'a.

Bilkisu: Ni da an ba ni cebur ai da hannu ma zan tona.

Sani: Ke da ko ƙura ba kya so?

Bilkisu: A kan Bitcoin 8,000? Har hanci zan sa!

Auwal: Ku bar ni in ƙarasa don Allah. Kalmar sirri tana kare fayil ne lokacin da yake kwance. Da zarar ka buga ta a kwamfutar da ƙwayar cuta ta shiga, mai naɗar abin da kake bugawa ya kwashe. Akwai kuma wadda ke jira ka kwafi adireshi ta musanya da na ɓarawo, shi ya sa ake duba haruffan adireshin bayan liƙawa, ba na farko kaɗai ba. Maganin gaske a Electrum, wata manhajar walat ɗin Bitcoin, shi ne kwamfuta biyu. Mai intanet tana riƙe da makullin kallo kawai, wanda ke nuna kuɗin amma ba ya iya kashe su, a nan kake haɗa cinikin. Ka ɗora a falash, ka kai wa ɗayar da ba ta hawa intanet ta sa hannu, ka dawo ka aika.

Sani: Malam, lokaci fa. Kalmomi 12 ɗin nan da ake dawo da walat da su, ina za a ajiye su?

Auwal: Takarda da biro, kwafi biyu, wuri biyu. Ban da ɗaukar hoto, yana iya hayewa Google Photos da kansa.

Bilkisu: BitLocker fa, mai kulle faifan kwamfuta a Windows, da muka yi alkawarin magana a kai?

Sani: Sai mako mai zuwa. Bilkisu, ki taho da ceburki.